Sada Ba Sukari

A garin nan na ƙasar Turawa ba a tafiya da ƙafa. Shi ne abin da na fara lura da shi da muka tare a rukunin gidajen nan na bayan titin Wendover, kuma har yau ban saba ba. In ka ga mutum yana takawa a gefen titin, to ko motarsa ce ta mutu, ko kuma kansa ne ba daidai ba, haka masu wucewa suke kallonsa ta gilashi. Wuni guda ƙugin motoci ne kawai, ba mai talla, ba mai sallama, ba ko akuyar da za ta gifta ta sa direba tsaki. Manyan kantuna ne a jere, kowanne da filin ajiye motocin da ya fi filin idin garinmu faɗi. Da can na ɗauki abin halin gari ne, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Yanzu kuwa titin ya zame mini abin fargaba, domin Hajiya, matata, ta fara fita ita kaɗai.

Ciwon mantuwa ne ya same ta. Turancin da ta koya a nan shi ya fara tafiya, sai sunayen jikoki, sai yawan raka'o'in salla. Amma ƙafafunta ba su manta komai ba. Da na shiga wanka, ko gyangyaɗi ya ɗauke ni bayan azahar, sai ta yafa mayafi, ta zura takalmi, ta buɗe ƙofa. Ran nan wata maƙwabciyarmu 'yar Jos tana dawowa daga coci ta hango ta a bakin titi tana jiran motoci su tsagaita. Ta tsaya ta riƙo ta, ta ce, "Mama, ina za ki?" Hajiya ta ce bakin teku za ta. Daga nan zuwa teku kuwa tafiya ce mai nisa ko a mota.

Da Auta, 'yarmu ta ƙarshe, ta ji labari, ko kayan aiki ba ta cire ba ta zo. Ta ce, "Baba, wallahi it's not safe. Ko a sa lock ɗin da ba za ta iya buɗewa daga ciki ba, ko mu fara maganar nursing home, gidan kula da tsofaffi. Ka zaɓi ɗaya."

Na ce, "Uwarki ce fa, ba kaza ba ce da za a rufe a akurki."

Ta ce, "Na sani, Baba. Shi ya sa."

Na roƙe ta ta ba ni lokaci. Ita gani take uwarta ɓacewa take yi. Ni kuwa na san tekun da take nufi, kuma na san wanda ya koya mata zuwa can.

Muna sababbin aure na tafi da ita Iskandariya, inda nake karatu a bakin Bahar Rum. Ɗakinmu yana can saman wani tsohon bene, matakalarsa na warin kanwa da soyayyen kifi. Ita kuwa a gidan cikin birni ta tashi, inda mace ba ta fita sai biki ko suna ko gaisuwar mutuwa, shi ma sai rana ta faɗi, da rakiya. Sai ga ta a garin da mata ke ciniki da ƙarfin murya tun daga kan baranda. Tsoro ya kama ta. In na tafi makaranta sai ta zauna bakin taga tana kallon igiyoyin shanya, in na dawo in tarar idanunta sun yi ja. Abincin garin ta ƙi shi ƙememe. Garin kukar da ta zo da shi take tsakura kamar magani, ranar da ya ƙare kuwa sai ka ce mutuwa aka yi mana. Ta rame har awarwaronta na zamewa. Ni kuma a lokacin ji nake ba wanda ya kai ni Larabci, na haddace littattafai tun ina gaban malam a zaure. In na je sayen albasa sai in zuba wa mai kayan miya Larabcin littafi da wasullansa cif, shi kuma ya saurara har in kai aya, sannan ya ɗaga hannu ya ce sadaƙallahul azim. Na daɗe ina zaton yabona yake yi.

Tsohuwar da muke haya a gidanta ce ta gaji da abin. Mace ce mai jiki, mai murya, ba ta hawa matakala sai da dalili mai ƙarfi, amma ran nan ta hawo tana haki. Ta dubi Hajiya, ta dube ni, ta wanke ni tas. Abin da na tsinta a cikin faɗan shi ne, na ɗauko 'yar mutane daga uwa duniya na ajiye ta a taga kamar tukunyar fure, kuma garin nan ba a saninsa da ido, da tafin ƙafa da harshe ake saninsa. Sai na tuna mahaifina, Allah ya jiƙansa, wanda kullum in ya ga muna zaman kashe wando yakan ce na zaune bai ga gari ba. Tsohuwar ta kwance baƙin mayafinta irin na matan garin ta lulluɓa wa Hajiya, ta tura mu waje, ta ce kada ta ga ƙeyarmu sai la'asar.

Har yau in na rufe ido ina jin safiyar nan. Mai sayar da iskar gas yana buga ƙarfe a jikin tukwanensa, ƙwal ƙwal, tun daga farkon lungu. Mai sayen tsofaffin kaya yana jan kiransa kamar mai kiran salla. Mata na zuro kwanduna da igiya daga saman bene, mai burodi ya zuba, a ja sama. Wani ya wuce a keke da faifan burodi tsibi guda a ka, hannu ɗaya a kan kan keken, ko a jikinsa. Ƙaramin jirgin ƙasan da ke ratsa tsakiyar gari yana kaɗa ƙararrawa, mutane na maƙale a ƙofarsa. Hajiya ta damƙe gefen rigata har muka shiga kasuwa. Nan ta ja ta tsaya gaban wata mata da ke yanka ganye da wuƙa mai kama da jinjirin wata. Ta sunkuya ta shinshina, ta ce, "Malam, ai wannan lalo ne." Haka take kirana, Malam. Muka ƙara gaba ta ga kuɓewa 'yan ƙanana. Ta ga zoɓo a buhu, ta ga tsamiya. Da ta ga goruba kuwa, an jiƙa ta ana sayar da ruwanta a kofi, sai ta riƙe baki ta ce ashe mutanen nan sun san abin arziki, suna kawai suka sauya wa komai don su ruɗa baƙo.

Daga nan bakinta ya buɗe. Muka ci wake daga wata doguwar tukunyar tagulla da ta kwana a kan wuta, an kwarara masa mai da lemon tsami, ana dangwala da burodi a tsaye. Ta ce gishiri bai ji ba, amma ta cinye. Muka ci hanta da aka soya da tafarnuwa da barkono mai yawa, wadda ta sa ta zufa ta ce yau ta ci abinci. Muka bi ta unguwar masunta, inda tsofaffi ke zaune a ƙasa suna ɗinkin koma da babban yatsan ƙafa a cikin zaren, kwale-kwale shuɗi da kore a kife ana shafa musu fenti, kyanwoyi na zagaye kamar su ma da jarinsu. Sai muka karya wata kwana, gidaje suka ƙare, iska mai gishiri ta bugo mu. Ta taɓa ganin tekun daga nesa ranar da muka sauka, amma ba ta taɓa tsayuwa a gabansa ba. Ta daɗe tana kallo. Hawaye suka zubo mata, ta ce ruwa har haka, ga Inna can gida tana sayen ruwa garwa-garwa.

Don in rarrashe ta na ja ta zuwa wani wurin shan gahawa da ke kallon ruwan. Baƙo makahon gari ne, ban san wurin na maza ba ne zalla. Ƙarar 'ya'yan dara da ake bugawa a kan tebura ta tsaya cak da muka shiga, amma ba wanda ya kore mu. Mai kawo gahawa, wani dattijo mai farin gashin baki, ya zo ya tsaya. A can ba a zuba sukari bayan an dafa, tun a kan wuta ake haɗawa, don haka sai an tambaye ka. Ya dubi Hajiya ya jero mata: sada, mazbut, ziyada. Ni da nake taƙama da Larabci ban san me yake nufi ba, na yi shiru irin na manya. Ita kuwa sai fuskarta ta washe, ta ji kalmar gida a bakin Balarabe. Ta raɗa mini, "Ka ji, sada. Kamar sada zumunci. Ita nake so, ko Allah ya sada ni da su Inna." Ta ɗaga kai, karo na farko da ta yi wa mutumin garin magana, ta ce, "Sada."

Dattijon ya dubi baƙin mayafi, ya dubi jajayen idanu, ya dafa ƙirji ya faɗi wata magana a hankali. Ya kawo gahawar a ɗan ƙaramin kofi. Ta kurɓa, na ga wuyanta ya motsa da ƙyar, don ɗaci ne zalla kamar maɗaci. Amma 'yar gidan mutunci ba ta tofar da abin da aka ba ta a gaban mutane. Tana cikin wannan jihadi sai mazan wurin suka fara tasowa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya zo ya ba ni hannu, ya sunkuyar da kai wajenta, ya faɗi maganar nan da dattijon ya faɗa. Wani har ya rungume ni. Ni kuma ina ta amsawa da Larabcin littafi cewa muna farin ciki matuƙa da wannan rana. Sai da wani ɗan Sudan da ke gefe ya ji tausayinmu ya matso ya warware mana: sada ita ce gahawar da ba sukari ko ƙwaya, ita ake sha a zaman makoki, kuma mutanen nan ta'aziyya suke yi mana. Na fassara mata. Ta dube ni, ta dubi kofin da ta riga ta shanye, sai dariya ta ƙwace mata. Ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa, mazan suka ɗauka kukan ne ya dawo, suka ƙara yi mata addu'a. Tun da muka bar gida ban ji dariyarta ba sai ranar.

Bayan wannan ni ne na koma mai roƙon a huta. Ta san garin fiye da ni. Ta san wace rana masunta ke dawowa da ƙananan kifin da ake soyawa a ci har kai, ta san lungun da ake matse rake a ba ka ruwansa da kumfa, ta san mai gasa dankali a amalanke lokacin sanyi, sa'ad da teku ke haukacewa yana watso ruwa har kan titi. Larabcin kasuwa ya zauna a bakinta, ita ke yi mini tafinta. Da yamma mukan bi doguwar hanyar bakin ruwa tun daga unguwarmu har tsohuwar ganuwar da ke can ƙarshe, muna ɓantarar gasasshiyar masara, muna gulmar mutane da Hausa ba mai ji. Da cikin ɗanmu na fari haka ta riƙa takawa, tsohuwar gidanmu na cewa yaron nan da takalmi za a haife shi. Ba mu da komai a lokacin, katifa ɗaya ce da risho da akwatin littattafai. Ban san cewa mafi daɗin kwanakina nake ci ba, na ɗauka somin-taɓi ne.

Muka koma gida, shekaru suka tura, daga baya rabo ya kawo mu nan. Larabcin nawa ya ƙare a koyar da yara ƙarshen mako, sauran kwanaki ina ɗaga kwalaye a sito. Ita ma ta yi aiki har gwiwa ta gaza. A nan abinci ba ya kiran mutum daga lungu, a cikin leda yake, a cikin sanyi, ba ƙamshi, ba wanda za ka taya wa. Jikokinmu ta tagar mota ake miƙo musu nasu, su ci ba su san hannun da ya dafa ba. Kullum mukan ce in yara sun kama ƙasa za mu koma mu sake bin hanyar nan ta bakin ruwa, ko sau ɗaya. Yara suka kama ƙasa, sai aurensu, sai haihuwa, sai aikin gwiwa, kullum da abin da ya fi gaggawa. Yanzu an ce mini ma garin ya sauya, an faɗaɗa titin, gine-gine sun tare ruwan. Ban sani ba, ban kuma so in sani.

To, da Auta ta ba ni lokaci, sai na yi wani tunani irin na tsoho mai taurin kai. Na ce matar nan ba ɓata take yi ba, tafiya take nema, kuma in na raka ta zuwa wani abu da ta sani, wataƙila hankalinta ya kwanta ta daina fita ita kaɗai. Akwai wani kantin Larabawa da ba shi da nisa sosai, suna sayar da burodi da zaitun, suna kuma dafa gahawa irin ta can. Wata safiya na ce, "Hajiya, sa takalminki, yau fita za mu yi." Ta yi murna kamar yarinya ranar salla. Muka bi ta bayan kantuna, muka ratsa filayen motoci, inda hanyar masu ƙafa ta ƙare muka taka ciyawa. Ba abin gani sai kekunan sayayya da aka yasar, amma tana tafe tana waige-waige, ƙafarta da sauri, ni ne ma nake haki.

Muka zauna a ɗan teburin da ke bakin taga. Mai kantin ya tambayi yadda muke son sukari. Na dube ta, na jira. Ita kuwa tana ta wasa da bakin mayafi. Sai ni na ce, "Sada." Aka kawo. Na tura mata kofin. Ta kurɓa, ta yamutsa fuska, ta ajiye a hankali. Sai ta ɗago ta dube ni sosai, irin kallon da ta daɗe ba ta yi mini ba, har na fara cewa alhamdulillahi a raina.

Ta ce, "Ayya. Wa ya rasu?"

Na sunkuyar da kai ina kallon kofin.

Ta ce, "Naka ne?"

Na ce, "Nawa ne."

Ta girgiza kai cikin tausayi, ta ce, "Allah ya jiƙan rai. Allah ya ba ka haƙuri, bawan Allah." Na ce amin. Ta ɗauki kofin ta shanye har ƙasa, kamar yadda ake yi don girmama mai makoki. Ta tuna al'adar mutanen da muka rabu da su tun gashinmu na baƙi, amma ba ta san wanda ke zaune a gabanta ba. Na juya wajen taga na yi kuka, kukan da ban yi ba ko ranar da likita ya faɗa mana sunan ciwon.

A hanyar dawowa, daidai inda dole a tsallaka mashigar motoci, na kama hannunta. Ta fizge, ta ce, "Sake ni, ni matar aure ce." Kafin in ankara ta sauka kan kwalta. Na ji ƙarar birki. Ban san inda na sami ƙarfi ba, na finciko mayafinta, muka zube tare a kan ciyawa. Matar da ke tuƙin ta fito tana ta magana, ni ban ji ko kalma ɗaya ba. Hajiya kuwa takalminta da ya cire take nema. Da muka isa gida na wanke mata gwiwar hannu da ta kuje, na kira Auta na ce ta turo mai sa makullin.

Ya zo ya sa, ya nuna mini yadda ake yi, ya tafi. Bayan azahar ina zaune a falo ta fito da mayafinta da takalmi. Ta murɗa hannun ƙofa, ta sake murɗawa, ta jijjiga. Ta saki hannun ƙofar. Sannan ta juyo, ba faɗa, ba hayaniya, da ladabin da take yi wa baƙi.

Ta ce, "Bawan Allah, kai ka rufe?"

Na ce, "Ni ne."

Ta ce, "To ba komai. Ka bari Malam ya dawo daga makaranta. Shi bai taɓa kulle ni ba."

Ta jawo kujera ta zauna a bakin ƙofar, ta gyara mayafi, ta ɗora hannuwa a cinya. Ni ma na jawo tawa kusa da ita, muka zauna muna jiransa.